Wa ya ba gwamna ikon hana achaba?

Ɗanladi Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da ni. Jiya da la'asar ƙanena ya ɗauko wata mata daga Agege za ta Ikeja, da buhun garinta a kan tanki. Bai ankara ba sai ga wasu jami'ai sun sha gabansa, suka sauke matar, suka cilla babur ɗin bayan mota a kan wasu babura kamar ana lodin itace. Ko wata huɗu bai yi da karɓarsa ba, kuma ba nasa ba ne tukuna, duk Juma'a yake kai balas. Haka ya dawo gida a ƙafa, hular kwano a hannu, mabuɗi a aljihu. Ni tambayata ɗaya ce. Legas ba a Najeriya take ba? Wa ya ba gwamna ikon hana mutum sana'ar da ba sata ba? Ina ce doka daga Abuja take fitowa.

Sagir Direba:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Abin da nake faɗa ke nan kullum. Daga Apapa zuwa Kano duk jihar da na ratsa da tata takardar, da nata masu sanda a bakin titi. Gilashin motata ya cika da sitika har da kyar nake ganin hanya. In ƙasa ɗaya ce a bar mana doka ɗaya, ai ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Barista Hauwa:
Sannu Yaya Ɗanladi, Allah ya musanya masa da wanda ya fi. Amma ba zan yi maka daɗin baki ba: jiha tana da wannan ikon, kuma ba ƙwatarsa ta yi ba, kundin tsarin mulkin 1999 ne ya bar mata.

A ƙarshen kundin akwai jadawali na biyu. Kashinsa na farko ya jero abubuwan da Majalisar Tarayya ce kaɗai za ta yi doka a kansu, guda 68 a lokacin da aka rubuta shi: soja, 'yan sanda, kuɗin ƙasa, kwastan, fasfo, jiragen sama, man fetur da ma'adinai, da sauransu. Kashi na biyu na tarayya da jiha ne tare, kowa ya yi dokarsa, kamar jami'o'i da bunƙasa noma da masana'antu. In dokokin biyu suka yi karo, sashe na 4(5) ya ce ta tarayya ce a sama, ta jiha ta faɗi daidai inda ta saɓa. Duk abin da ba a ambata a waɗannan biyun ba kuwa na jiha ne ita kaɗai, Abuja ba ta da ta cewa.

A maganar titi, abin da aka rubuta wa tarayya shi ne zirga-zirga a kan manyan hanyoyinta. Titunan cikin gari suna hannun jiha. Da wannan ikon majalisar dokokin Legas ta yi dokar hanya a 2012 zamanin Fashola, wadda ta hana babura bin ɗaruruwan tituna da gadoji, aka sake sabunta ta a 2018. Daga 1 ga Yuni 2022 aka hana achaba ɗungurungum a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Kosofe da Shomolu. Agege ba ta ciki. Tsallakawa Ikeja da ya yi ita ta ja masa, kuma ya yi sa'a, don dokar ta hau kan direba da fasinja duka.

Ɗanladi Agege:
To ai da gangan aka yi, Barista. An san su wa ke achaba a garin nan. So ake mu tattara mu koma.

Malam Nura:
Ɗanladi, a yi adalci. Wace jiha ce ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero? Kano ce, zamanin Kwankwaso. A lokacin ban ji wani a cikinmu ya ce Kano ba a Najeriya take ba. Aka yi ta ƙorafi, aka koma A Daidaita Sahu. Haka Zamfara ta kawo Shari'a a 2000, Kano ta kafa Hisbah da dokar jiha a 2003. Muka yi ta kabbara muna cewa haƙƙin jiha ne. Ikon da muka yi wa kabbara a can shi ne ya ɗauke babur a Ikeja. Ba ya yiwuwa mu so shi a gida mu ƙi shi a Kurmi.

Sagir Direba:
Malam, kai alli kake riƙewa, ba a taɓa sauke ka daga kan abin neman abincinka ba.

Malam Nura:
Gaskiyarka Sagir, kuma ban ce ba ciwo ba. Amma in za a yi faɗa gara a san inda za a kama.

Barista Hauwa:
Inda za a kama ɗin shi nake so in nuna. Ikon jiha yana da iyaka, na tarayya ma haka. Sashe na 1 ya ce kundin yana saman kowa, duk dokar da ta saɓa masa banza ce, ko wa ya sa mata hannu. Sai babi na huɗu. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zuwa da zama duk inda ya so a Najeriya. Na 42 ya hana a nuna maka bambanci don ƙabilarka ko addininka ko garinku. Na 43 ya ce kana iya mallakar gida ko fili ko'ina. Wato gwamna na iya cewa babur ba zai bi titi kaza ba, muddin dokar ta hau kan kowa, Bayarabe da Bahaushe da ɗan Ebonyi. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ce kai ka bar masa jiha. Kun tuna a Agustan 2019 da aka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da baburansu a nan Legas? An tsare su, aka bincika, daga baya dole aka sake su, don shigowa Legas ba laifi ba ne a kowace doka.

Kuma ko wanda ya karya dokar hanya yana da sashe na 36, a saurare shi a gaban kotu kafin a hukunta shi. Anan ne ake yawan taka doka, anan ne kuma mutanenmu ba sa bin kadi. Ana ɗauke babur sai a ce ƙaddara.

Baba Alhaji Mamman:
Ɗiyata Allah ya yi miki albarka. Bari tsoho ya sa baki. Ni a Agege aka yanke min cibiya, mahaifina fataucin goro ya kawo shi tun ana ce wa garin nan Ikko. Abin da kuke kira ikon jiha yau, wallahi ɓurɓushi ne. Tun daga 1954 da aka koma tsarin tarayya, Arewa da Yamma da Gabas kowacce gwamnati ce mai cin gashin kanta. Bayan samun 'yanci kowacce da nata kundin, da nata wakilin a Landan. Sardauna bai jira kowa ba ya gina jami'a a Zariya a 1962. Rabin kuɗin ma'adinai yankin da aka haƙo su yake komawa.

Ku kuma da kuke cewa a yi doka ɗaya daga sama, an taɓa gwadawa. Ironsi ya yi Doka ta 34 a watan Mayun 1966, ya rushe yankuna ya ce ƙasa ɗaya gwamnati ɗaya. Su wa suka fara fita titi suna ihun araba? Mu ne. Tsoro muke kada a kwashe mana aikin gwamnati saboda ba mu yi boko da yawa ba. Wato 'yan Arewa su suka fi kowa neman a bar kowa da gidansa. Sai da soja suka daɗe, fetur ya zo, aka yi ta yanka jihohi, 12 a 1967, 19 a 1976, har 36 a 1996, kowacce ƙarama tana miƙa hannu Abuja ƙarshen wata. Sannan muka sauya waƙa.

Usaini Ɗalibi:
Baba ya gama magana. Abin da ke ba ni mamaki, tsarin shugaban ƙasa daga Amurka muka aro shi a 1979, amma muka bar rabinsa a can. Su ikon da aka lissafa wa gwamnatin tarayya kaɗan ne, gyara na goma na 1791 ya ce sauran na jihohi ne ko na jama'a. Jihohinsu 50 kowacce da kundinta da 'yan sandanta. Namu kuwa ya buɗe da cewa mu al'ummar Najeriya ne muka tsara wa kanmu, alhali Doka ta 24 ce ta gwamnatin Abdulsalami ta fito da shi. Wa aka tambaya? Soja ne suka rubuta shi irin yadda suka saba, umarni daga sama.

Barista Hauwa:
Ƙanena, a aji wannan maganar tana da daɗi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Amma alƙali ba zai saki wanda kake karewa don ka ce soja ne suka rubuta kundi ba. Shi ke hannunmu, kuma ana gyara shi, sai dai da wuya: kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. A Maris 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran da ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa da gidajen yari da wutar lantarki. Jirgin nan da ke tsayawa tashar Agege ya wuce Oyingbo na jihar Legas ne, amma a kan layin dogon tarayya yake gudu. Ba kullum faɗa ake ba.

Sagir Direba:
To tunda ana gyara, ga maganar 'yan sandan jihohi ana ta yi. Ku ce min ku da kuka yi karatu, alheri ne ko masifa?

Baba Alhaji Mamman:
Ni dai ina tsoro. Kafin soja su haɗe 'yan sanda wuri ɗaya, akwai 'yan doka na En'e. Ƙanen mahaifina ɗan NEPU ne a Kano. Don ya tsaya sauraron lacca aka kama shi, aka kai shi gaban alƙali da safe, kafin azahar yana gidan yari. Har ya rasu akwai tabon ankwa a ƙafarsa, yakan ɗage wando ya nuna mana in muka kai ziyara. A garinsu ke nan, cikin danginsa. To ina ga baƙo? Yanzu in rikici ya tashi, ɗan sandan da za a turo wataƙila ɗan Binuwai ne ko ɗan Bauchi, ba ruwansa da wa ya riga wa zuwa unguwa. Ranar da ya zama gwamna ne ya ɗauke shi aiki, kuma yaran unguwar ne aka sa wa kaki, wa zan kai wa ƙara?

Hajiya Rabi Mile 12:
Baba ka faɗi abin da ke raina. Mu da muka ga 2016, aka yi rikici aka rufe kasuwa, kaya suka ruɓe a cikin motoci, ba ma son jin wannan magana ko a mafarki.

Malam Nura:
Baba, da girmanka, ni ina ganin ta wata fuskar. Mahaifiyata tana wani ƙauye a Katsina. In 'yan bindiga suka shigo, ofishin 'yan sanda mafi kusa tafiyar kusan awa guda ce a babur, kuma waɗanda ke ciki ba su san dajin ba. Ana kiran gwamna shugaban tsaron jiharsa, amma sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan, na 215 kuma ya ce in gwamna ya ba kwamishina umarni, kwamishinan na iya cewa sai an ji daga shugaban ƙasa. Wane irin mai gida ne wannan da ba ya iya aiken mai gadinsa? Shi ya sa kowa ya zagaya ta bayan gida. Yarabawa suka kafa rundunar tsaro ta Amotekun a 2020, Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce haramun ne, suka je majalisunsu suka yi mata doka. Katsina da Zamfara suka ɗauki nasu askarawan. An riga an yi, suna ne kawai ba a raɗa ba.

Baba Alhaji Mamman:
Malam, kai kana tunanin mahaifiyarka a Katsina, ni ina tunanin jikokina a Agege. Dukkanmu muna da gaskiya, shi ya sa abin ya gagara.

Barista Hauwa:
Ni in an tambaye ni, ba na ƙin sa, amma ba zan yarda da shi ba sai na ga wa zai naɗa kwamishinan, wa zai iya tsige shi, kuma ina talaka zai kai kuka in an zalunce shi. Kada kuma mu ɗauka Abuja uwa ce. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ce, ta Shagari, ta kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, ta tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ce ta dawo da shi. Wanda ya riƙe sanda, ko daga ina yake, sai an sa masa linzami.

Hajiya Rabi Mile 12:
Ku tsaya in tambaya tunda yau an samu masu sani. Maƙwabciyata a kasuwa, Bayarabiya, muna wasa da dariya, amma duk ranar da muka yi saɓani sai ta ce mu ne muke cinye musu kuɗin VAT, harajin nan da ake ɗorawa kan kayan saye, Hisbah na fasa kwalaben giya amma ana karɓar kason harajinta. Ni dai shiru nake, don ban san bakin zaren ba.

Usaini Ɗalibi:
Hajiya, a wani wajen tana da hujja. Legas ƙananan hukumomi 20 gare ta a kundi, Kano 44, kuma bayan an cire Jigawa daga Kano a 1991 ita ma yanzu tana da 27. Da waɗannan ake rabon kuɗi. Kowa ya san yadda mutane suke a garin nan kamar ƙudan zuma. In mu ne aka yi wa haka da ba a yi barci ba.

Sagir Direba:
Kai yaro, kai wane gefe kake ne? Hajiya ki ce mata ta zo Apapa ta ga inda kwantena ke tafiya. Kamfani yana da hedikwata a Ikoyi, ya sayar da kati a Gusau da Damaturu, ya zo ya biya harajin a nan, sai a rubuta Legas ta tara. Tumatir da albasa da shanun da muke sauke musu kullum kuwa babu VAT a kansu, don ɗanyen abinci ne. Su gwada cin kwalba mana.

Barista Hauwa:
Ku biyun duk kun taɓo gaskiya. A 2021 wata kotun tarayya a Fatakwal ta ce Ribas na iya karɓar VAT ɗinta, Legas ta yi wuf ta yi tata dokar, kotun ɗaukaka ƙara ta ce kowa ya tsaya inda yake. Tushen rigimar shi ne kalmar VAT ba ta cikin jerin da aka rubuta wa tarayya.

Maganar ƙananan hukumomi kuwa labari ne mai daɗin ji. Tinubu yana gwamna ya ƙirƙiro sababbi 37. Obasanjo ya ce bai san zance ba, ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas gaba ɗaya. A Disambar 2004 Kotun Ƙoli ta ba kowa rabin gaskiya: shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma sababbin ba su cika ƙananan hukumomi ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunayensu cikin kundi. Duk da hukuncin, kuɗin ba su gama fitowa ba sai da 'Yar'adua ya hau a 2007. Su ne har yau ake kira LCDA. Abin dariyar, wanda aka riƙe wa kuɗi jiya, gwamnatinsa ce ta kai gwamnoni 36 kotu, aka yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kujera ce ke sauya wa mutum ra'ayi.

Abin da ya kamata mu koya daga Legas shi ne naci a kotu. Ta yi nasara a kan tsara birane a 2003, a kan lasisin otal a 2013, a kan caca a 2024. A kan hanyoyin ruwa kuma ta sha kaye. Ba ta fasa ba.

Hajiya Rabi Mile 12:
Kotun nan dai ni sau ɗaya na ga amfaninta da idona. Lokacin canjin kuɗi. Ina zaune da kwanduna goma na tumatir, rana na dukansu, ruwa na tsiyaya ta ƙasan kwando, masu saye na tsaye kowa da waya a hannu, taransifa ta ƙi tafiya. Tsofaffin dubu-dubu na ƙulle a bakin zanena, ko mai ruwan leda ba ya karɓa. Na yi kuka ranar, ba na jin kunyar faɗa.

Malam Nura:
To Hajiya kin san su wa suka kai ƙara? Gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara, 'yan jam'iyya ɗaya da shugaban ƙasa, daga baya Legas da Kano da wasu suka shiga. Ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Kuɗi kuwa ba mai musun cewa hurumin tarayya ne. Da ba a raba iko ba, da ba jihar da za ta iya ɗaga wa Abuja yatsa, wa zai tsaya miki? Sagir, ga amsar sarki ɗayanka.

Sagir Direba:
Na ji. Amma sitikar gilashina tana nan.

Baba Alhaji Mamman:
Tana nan, don ranar da ake zaɓen masu buga ta kana Kano. Ku dubi kanku. Kasuwa, tasha, kwata, maƙabarta, duk a ƙarƙashin ƙaramar hukuma kundi ya sa su. Takardar fili gwamna ke sa mata hannu tun Dokar Filaye ta 1978. Majalisar da ta yi dokar babur mutum 40 ne a Alausa, mazaunin gwamnatin Legas. Duk abin da ya shafi tuwonmu a nan ake yanke shi. Amma zaɓe na matsowa sai a cika motoci a tafi gida a zaɓi sanatan da ba zai taɓa jin an ɗauke babur a Ikeja ba. Zaɓen kansila kuwa ko sanin ranarsa ba ma yi. Ni katina na Agege ne tun na farko, kuma kansilanmu ya san ƙofar gidana.

Ɗanladi Agege:
Baba ka same ni, nawa na Dutse ne. To yanzu Barista ya za a yi da babur ɗin? An ce murƙushe su ake yi.

Barista Hauwa:
Ana murƙushewa, shi ya sa ba a jinkiri. Kada ya ba kowa ko sisi a bakin titi da sunan za a fito masa da shi. Ka haɗa min rasiɗin saye, takardar yarjejeniyarsa da mai babur, lambar babur da ta inji, da daidai wurin da lokacin da aka kama. Ka turo min ta akwatin sirri yau, gobe da safe in bincika inda aka kai shi da ko an shigar da maganar gaban kotu. Ban yi maka alkawarin zai fito ba, Yaya, don a inda aka hana aka kama shi.

Ɗanladi Agege:
Na gode ƙanwata, Allah ya saka. Rasiɗin yana wurin mai babur. Yanzun nan ma ya kira, na fara yi masa bayanin sashe na 36, ya ce shi bai san wani sashe ba, jibi Juma'a.

Hajiya Rabi Mile 12:
Turo min yaron gobe da asuba, motar albasa za ta shigo, ina neman mai sauke kaya. Ya zo da tsohuwar riga.